Birkin Fatar Raƙumi

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunnuwanku. Na manta yawan shekaruna, na manta fuskokin rabin maƙwabtanmu na da, amma ranar da marigayi maigidana ya gangaro da mu a motar da ya haɗa da hannunsa, ba zan manta ta ba har ƙasa ta rufe idona.

Lokacin muna zaune a Makka, bayan unguwar Hindawiyya, can saman tudu, inda ko jakin mai ruwa sai ya huta sau biyu kafin ya kai ƙofarmu. Maigida baduku ne, jikan badukan Kano, takalma da salka yake ɗinka wa alhazai. Allah Ya ba shi hannu, sai Ya jarrabe shi da ganin duk abin da ya lalace a duniya, fata ce maganinsa.

Shekara biyu yana tsinto ƙarafan matattun motocin da ake yasarwa a hanyar Jidda bayan aikin Hajji. Inji daga wannan, ƙofa daga waccan. Motar kuwa ta tashi. Tsayawa ce ba ta koya ba. In ya taka birki a ƙofar mai burodi, sai ta amsa a ƙofar mai gawayi.

Maƙwabcinmu direba ne, mutumin Chadi da ya shigo ta Sudan. Ya cire taya ya leƙa, ya ce, "Ya shaikh, abin da ke damƙe ƙafar motar daga ciki ya cinye. Ka aika Jidda a sayo sabo."

Da ya faɗi kuɗin, maigida ya juya tsohon a hannu, ya taɓe baki. "Wannan abin? Ina da fatar wuyan raƙumi da ta fi shi kauri."

Ya yanka fatar, ya kafa ta a birkin da ƙusoshin tagulla. To baduku ba ya barin fata ta fita hannunsa a bushe, balle a zafin Makka mai tsaga ta. Kwana uku yana mulka mata kitsen rago. Ni na narka masa kitsen, har ina fahariya wajen matan unguwa. Direban nan kuwa ya tafi Madina da fasinjoji.

A makon ne Inna, mahaifiyarsa, ta iso. Shekara uku tana hanya daga Kano, yawanci a ƙafa, ko ƙaya ba ta kwantar da ita ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai "wannan". Ranar Juma'a ya ci farar riga, ya ce a mota zai kai ta Harami.

Ta dube ni. "Ke, gaya wa wannan ina da ƙafa."

"Inna, kin gama tafiyar ƙasa," in ji shi. Duk unguwa an fito kallo, sai ta shiga don kada ta kunyata shi. Na zauna gefenta.

Muka kama gangara. Ya taka birki, mota ta ƙara wuta. Ya sake takawa, ta ƙara. Sai wani ƙamshi ya taso daga ƙarƙashinmu. Inna ta buɗe hanci.

"Wa ke gashi ranar Juma'a da hantsi?"

"Malam, tsaya mana!" na ce.

"Tana tunani ne, yanzu za ta kama," in ji shi.

Mai burodi ya wuce, mai gawayi ya wuce, akuyoyi suka tarwatse, karnuka uku suka biyo ƙamshin. A ƙasa ga kasuwa cike da mutane. A nan Inna ta damƙi wuyan farar rigar, ta kira shi da cikakken sunansa har da na ubansa. "Ga yashi can! Juya!"

Wallahi ba birki ya tsayar da mu ba, firgicin jin sunansa a bakinta ne. Ya murɗa sitiyari, muka nitse cikin tulin yashin magina har gilashi.

Inna ta fito, ta tofar da yashi, ta gyara mayafi. "Ke, gaya wa wannan ya same ni a Harami." Ta kama hanya a ƙafa, ta kuma riga mu.

Da direba ya dawo ya shinshina taya, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Ka shafa wa birki mai? Kaushi yake so, ya shaikh!" Ya wanke ƙarafan da fetur, ya samo tsohon bel ɗin injin niƙa mai saƙa, suka yanka suka kafa a bushe. Kuɗin bai kai na takalmi ƙafa ɗaya ba. Daga ranar motar take tsayawa inda aka ce.

Direban ya buɗe wurin gyara a unguwar Zahir, ya tsufa yana ba da labarinmu. Maigida ya koma kan salkarsa, motar ta yi ta kai fatu kasuwa har ta mutu. Inna ta yi shekara tara tare da mu, ba ta sake shiga mota ba, ba ta sake kiran sunansa ba. A kafaɗa aka kai ta makwancinta. Ni kuwa na rage ina gaya muku: abin da ke gyara aikinka yana iya kashe aikin wani. Kafin ka ɗora mahaifiyarka a kan iyawarka, jira wanda ya sani ya dawo daga Madina.