Maƙogwaro Mai Kai Biyu

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce. A gabana aka yi shi, a ƙauyenmu na bakin fadama ta wajen Auyo, ba a daɗe da sauya kuɗi zuwa naira ba.

Shekarar nan kogi bai ciko ba. Mu da muka saba ruwa ya zo har gindin danga, mu shiga kwalekwale in za mu gaisuwa, sai ga mu muna ratsa fadama da ƙafa, ƙasa duk ta daddare. Shinkafa ta kai gwiwa ta bushe a tsaye. Rumbu ya yi ƙasa, sai mutum ya zura rabin jikinsa kafin hannu ya taɓa gero. Abin da ya rage mana shi ne alkamar rani da kakanku, maigidana, ya shuka a fangali. In ta yi, mun ci har damina. In ba ta yi ba, sai mu ɗaure kaya mu bi sahun waɗanda suka riga mu barin gari.

Ruwan da ya saura ya koma can tsakiyar kogi, cikin wani gurbi mai zurfi, jigo ba ya kaiwa. Kakanku ya rabu da shanun nomansa, ya tafi Haɗejiya, ya dawo da injin wata matacciyar mota a kan amalanke, da famfo da tiyo. Wanda ya sayar masa ya rantse inji lafiya lau yake, abu ɗaya ne kawai babu a jikinsa, ɗan abin nan da ke gauraya fetur da iska ya ba inji ya sha. Ya ce ƙaramin abu ne, ko'ina ana samu. Aka nema a Haɗejiya, babu. Aka ba direban Kano saƙo, ya dawo ya ce an daina kawo kayan irin wannan mota. Inji ya zauna bayan gida a gindin tsamiya, kaji na hawa kansa. Kakanku na jigilar ruwa a kan jaki tun asuba, abin da yake kaiwa bai wuce jiƙa wa alkama leɓe ba.

Ana nan sai ga baƙo. Dogo ne siriri, da tsage irin na mutanen gabas, da buhu a kafaɗa. Ya ce daga Nguru yake, bakanike ne, a kasuwa ya ji labarin injinmu. Ba wanda ya aika masa. Ku riƙe wannan, don ni tun daga nan zuciyata ta ƙi kwanciya. Ta yaya abu zai ɓata, a nema a rasa, sannan mutum ya taso daga wata ƙasa da maganinsa a buhu?

Ina bayan zana ina leƙe lokacin da ya zazzage buhun. Wasu ƙarafa biyu ne, kowanne bai fi dunƙulen hannu ba, ya ce daga jikin babur aka ciro su. Mahaifiyar kakanku, wadda muke kira Inna, ta fito da sandarta, don ita ba a yin abu a gidan ba ta gani ba. Ta zungure su da sanda ta tambayi sunansu.

"Kafireto, Iya," in ji baƙo.

"Kafiri wa?"

"Kafireto. Sunansa ke nan, haka masu shi suka raɗa masa."

"To ai na ji. Su da suka haife shi sun fi mu sanin halinsa. Har biyu ka kawo mana?"

Kakanku ya yi dariya, baƙo ya yi dariya. Inna ba ta yi ba, ni ma ban yi ba. Daga ranar ba ta ƙara kiransu da wani suna ba sai kafiran nan biyu.

Baƙo ya yi wa kakanku bayani, ina ji. Ya ce injin mota baki huɗu gare shi, yana shan abin da na babur ɗaya ba zai iya ba shi ba, shi ya sa ya kawo biyu. Amma bakin wannan bai dace da na wancan ba. Sai an yi musu maƙogwaro a tsakani, mai kai biyu da ƙafa huɗu, kowane kai ya ciyar da baki biyu. Irin wannan ba a sayar da shi a ko'ina, sai dai a zuba shi. Sannan ya lissafa abin da yake so: kakin zuma, da yumɓun bakin kogi, da kashin jaki, da ƙaiƙayi, da baƙin gindin tukunya, da yashi, da duk wani fasasshen ƙarfen gorar ruwa, wato farin ƙarfen nan mara nauyi da ake tukwane da shi.

Ni ban yi karatu ba, amma na san irin mutanen da ke aika mutum neman kakin zuma da kashin jaki. Na faɗa wa kakanku. Ya ce in bar shi ya ji da abu ɗaya.

Baƙo ya shafa baƙin tukunya a bakunan inji, ya danna kwali, ramuka huɗu suka fito a jiki kamar sawun dabba. Ya kwaɓa yumɓu da kashin jaki da ƙaiƙayi, ya mulmula shi dogo-dogo, ya lanƙwasa, ya haɗa. Da ya bushe ya lulluɓe shi da kakin zuma, yana gyarawa da wuƙa mai ɗumi, yana aunawa da tsinke. Ranar da ya gama na kai masa abinci na gan shi ajiye a inuwa. Abu rawaya, kai biyu, ƙafa huɗu, tsaye da kansa. Na ajiye kwano daga nesa na juyo. Duk wanda ya gan shi zai ce gunki ne.

Ya sake rufe shi da yumɓu, ya bar ƙofa a sama. Ya gasa a wuta, kakin ya narke ya tsiyaye cikin kasko, ya bar gurbinsa a ciki. Sannan ya haƙa rami a bayan ɗakin Inna, don nan ne iska ba ta kaɗawa, ya sa abin a ciki, ya cika da yashin da ya soya a wuta, ƙofar kawai ke waje. Ya kifa sakaina a kai. Ya ce kada kowa ya matso wurin, gobe za a yi zubi.

Ku duba mini. Baƙo, a gidan mutane, ya binne abu mai kai biyu a bayan ɗakin tsohuwa, ya ce kada a matso. A garinmu abu ɗaya ake binnewa a bayan ɗaki a hana mutane zuwa, kuma kowa ya san sunansa.

Da yamma Inna ta saka mayafi ta tafi wajen malamin unguwa, ta dawo da ƙwarya a rufe. Washegari da hantsi, maza suna can suna hura gawayi da zuga-zugi, ina shara, na ga ta zaga bayan ɗaki. Ta ɗaga sakainar, ta yi bisimilla, ta tsiyaya rubutu a ƙofar, ta yayyafa saura a yashin, ta mayar da sakaina. Ban san ruwa na da wata illa a wurin ba. A raina na ce madalla, ko ba komai an yi wa abin katanga.

Ƙarfe ya narke ya koma kamar madara mai ƙyalli. Baƙo ya ɗauko kaskon narkakken ƙarfen da awartaki, ya cire sakaina, ya karkata. Sai muka ji tas, kamar an harba bindigar farauta. Ƙarfe ya yi tsalle sama ya watsu, yumɓu ya tarwatse, baƙo ya faɗi riƙe da ƙwauri. Inda ya zuba masa fata ta tashi fari fat.

Da ya dawo hayyacinsa ya tona yashin da hannu, ya damƙa, ya ji danshi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa kakanku akwai wanda ba ya son injin nan ya tashi, kuma shi ba zai zauna a gidan da ake neman idonsa ba, zai kama hanya. Kakanku ya shiga lissafa masu jigo da suke jin haushinsa tun ranar da ya kawo inji, har ya ambaci wani ɗan'uwansa. Ni ina tsaye, na san wanda ya yi, amma matar ɗa ba ta buɗe baki ta ambaci surukarta. Kuma a lokacin alkamar fangalin nesa ta fara ja daga baki.

Inna ce ta raba gardama. Ta fito ta dogara sanda ta ce, "Ku bar ɗaukar alhakin mutane. Ni na zuba. Rubutu ne, kuma kun ga aikinsa."

Baƙo ya juyo wajenta. Ya ce, "Iya, ba aya ce ta ƙone ni ba. Danshi ne. Narkakken ƙarfe ba ya shiri da ruwa, ko wane iri ne."

"Duk wanda aya ta kama haka yake cewa."

"Ni ma fa ina salla, Iya. Kin gan ni."

"Na ga kana dungure. Akwai saura a ƙwarya. In abin da ka binne ba shi da mai shi, shanye."

Kakanku ya sunkuyar da kai don kunya, ya fara ba baƙo haƙuri. Baƙo ya ce a kawo. Ni na ɗauko ƙwaryar. Ya yi bisimilla ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga gindinta, ya ce in da ƙari a ƙaro, ƙishi yake ji. Inna ta zauna a gabansa ta zuba masa ido, tana jira ya faɗi ko ya yi kururuwa. Da ta gaji da jira ta ce in kawo zuma. Da hannunta ta shafa masa a ƙunar, tana shafawa tana ce masa mai taurin kai.

Aka koma farko. Kakin da ya tsiyaye yana nan, amma ƙarfen ya bi yashi, abin da aka tsince bai isa ba. Idon kakanku ya sauka a kan babbar tukunyata, wadda mahaifiyata ta kawo mini, da ita ake dafa abincin suna a unguwa. Bai roƙe ni ba, ni ma ban ba shi da baki ba. Na wanke ta na ajiye a ƙofar ɗaki, na shiga ciki don kada in ji guduma.

Wannan karo da aka binne, Inna ta shimfiɗa tabarma a gefen ramin ta zauna gadi. Ba ta bar kaza ta gifta ba, balle mai tulu. Ta ce in abin ya sake fashewa, to ba wanda zai ce ruwa ne. Aka zuba, ƙarfe ya shige shiru. Da ya huce aka fasa yumɓu, aka ƙwaƙule na cikin da waya, ga maƙogwaro fari, kai biyu, ƙafa huɗu, da ƙuraje a jiki. Baƙo ya zauna da ƙafa a miƙe yana goga fuskarsa da magagari, yana ƙarasawa a kan dutsen niƙana, har ta kwanta daidai. Ya huda ramukan kusoshi, ya yanka kwali ya sa tsakani, ya ɗaure. Ya haɗa kafiran biyu da guntun tiyo, ya ja musu wayar birkin keke guda don su buɗe tare.

Aka kai inji bakin gurbi. Tankin fetur a reshen itace baƙo ya rataye shi, ya ce kafireton babur ba ya son a ɗura masa, sai dai ya gangaro masa a hankali. Kakanku ya murɗa hannun ƙarfe na tayar da inji har gumi ya jiƙa shi. Inji ya yi tari, ya tofa wuta, ya mutu. Aka sake. Ya tashi yana ɗingishi, yana girgiza kamar mai zazzaɓi. Sai baƙo ya ɗauki siririn tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗaya a bakin wannan kafiri, ya saurara, ya koma na biyun ya saurara, ya murɗa wata 'yar kusa, ya sake saurarawa. Wai yana so numfashinsu ya zo ɗaya. Haka ya ce. Ni dai na ga mutum ya rufe ido yana jin magana daga cikin ƙarfe yana gyaɗa kai.

Muryar inji ta daidaita. Tiyo ya kumbura, ruwa ya fito da laka, sannan ya washe, ya bi lambatu. Fangalin nesa ya riga ya tafi, ruwa ya same shi kara. Na kusa da na tsakiya suka farfaɗo. Abin da muka girbe, da haɗawa da ganye da kifin gurbi, ya kai mu ruwan farko. Ba mu ɗaure kaya ba.

Baƙo ya karɓi rabonsa na alkama ya tafi yana ɗingisa ƙafa. Daga baya muka ji wani manomi ta wajen Baturiya ya sayi inji a hannun mutumin nan na Haɗejiya, shi ma abu ɗaya ne babu a jiki, shi ma wani dogo mai tabon ƙuna ya je masa da buhu ba a aika masa ba. Na faɗa wa kakanku. Na ce bakinsu ɗaya, shi da mai sayar da injin. Ya ce kanikawa duk sun san juna, kuma ruwa dai ya zo. Na ce ruwa ya zo, ban musa ba. Amma ban janye maganata ba, har yau.

Baƙon an ce ya koma Kano da motoci suka yi yawa, ya buɗe gareji, ba mu ƙara ganinsa ba. Mai sayar da injin gobara ta ci rumfarsa, ya koma sayar da taya. Inna ta ga damina uku bayan nan, ta rasu tana cewa ita ta kori abin da ke cikin na farko, shi ya sa na biyu ya yi. Inji ya yi mana aiki har ƙananan injinan ban ruwa suka shigo, masu sayen tsohon ƙarfe suka ɗauke shi. Kakanku ya sake sayen shanun noma, ya yi noma har ƙarfinsa ya ƙare, yana kwance a maƙabartar gabas da gari, Allah ya jiƙansa. Ni ce na rage, ido ya yi rauni, ƙafa ba ta kai ni fadama. Ku tashi haka nan, la'asar ta yi.