Gunvor da Mutumin da Ba Ya Cin Kifi

Kafin a buɗe ɗakin cin abinci na saman jirgin ruwanmu, Gunvor Lilleng ta riga ta zaga shi kaf. Haka muka same ta tun muna sababbin shiga aiki. Za ta bi tebur-tebur tana shafa ƙyalle da tafin hannu, ta ɗaga kofin gilashi ta duba shi a hasken taga, ta gyara wa cokali zama ko da babu abin da ya same shi. Daga nan sai ta gangara kicin ta sha gahawarta a tsaye, baƙa ƙirin ba sukari, tana yi wa Arnfinn, babban kukunmu, tsiya a kan tumbinsa. In jirgi ya baro garin Bergen ya miƙi arewa, mu sauran ma'aikata mukan saci kallon duwatsu ta taga. Ita kuwa faranti take kallo, musamman wanda ya dawo kicin ba a taɓa shi ba.

A ƙarshen wannan wata Gunvor za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗoriya tana ɗaukar faranti a kan teku. Ba ta taɓa dafa ko ƙwai a jirgin nan ba. Arnfinn ake kira ya fito a tafa masa, kuma ya cancanta. Amma yabon gwani ya zama dole, kuma gwanayen ba duka ne ke sa doguwar farar hula ba.

Ɗakin namu na alfarma ne. Abinci kala shida ake kawowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ɗan mitsitsi a tsakiyar faranti mai faɗi: ɗanyen kifi, ƙwan kifi, ƙaguwa, naman barewar arewa da jar miya mai tsami. Mai son irin wannan ya zo gida. To amma abincin wani gubar wani, kuma duk tafiya sai an sami wanda iyalinsa suka jawo shi ciki, ya zauna yana juya cokali yana murmushin dole. A wajen yawancin masu hidima, mai zaɓen abinci ƙarin aiki ne kawai, a bayan idonsa ma sunansa mai tsirfa. Gunvor ba ta taɓa kiran kowa haka ba. Ba ta kuma taɓa cewa baƙo “ɗan taɓa kaɗan mana” ba, don a cewarta ciki ba ya jin wa'azi. Tambayarta ɗaya ce, tana yin ta a hankali yadda na kusa ba zai ji ba: “In kana gida kai kaɗai, me kake ci?”

Masu wanke-wanke sun shaida cewa farantan teburinta ne suka fi dawowa a share. Arnfinn ya shaida cewa ta taɓa sa shi dafa farar shinkafa zalla wa wata Baturiyar Ingila har ƙarshen tafiya, kuma matar ta sauka ta ƙara ƙiba. Amma labarin da kowa ke kawowa in an ambaci Gunvor shi ne na Eilif.

Eilif makaniken injin kwale-kwale ne daga wani ƙaramin tsibiri, dattijo mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. A bakin teku aka haife shi, a can ya tsufa, amma bai taɓa haɗiye kifi ba. Abin da yake ci ba ya cika yatsun hannu biyu, kuma ko su ɗin ma kada wani ya taɓa wani a faranti. Tun yana yaro ake masa dariya a kai, don haka ya koyi gudun duk inda za a zauna a ci abinci cikin taro. Walimar gama makarantar 'yarsa tilo, Ingvild, ciwon ciki ya ƙirƙiro. Ranar walimar samun aikinta, ya ce injin wani ya lalace. Yanzu ga shi za ta yi aure, kuma Wenche, uwar angon, ta gayyaci dangin biyu su shigo jirgi a yi liyafar baiko a ɗakinmu. Ingvild ta gaya wa ubanta ƙarara cewa in ya gudu wannan karon, kada ya wahalar da kansa zuwa bikin.

Ya zo, ya shiga jirgi. Matsalar ita ce Wenche ta so ta girmama shi, sai ta ce a ajiye masa kujera a hagunta. A al'adar ƙasar nan, kowa ya san wanda ya zauna a hagun uwar liyafa shi ke tashi a ƙarshe ya yi jawabin godiyar abinci, ya yabi abin da aka ci da bakinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da hantsi, jirgi na tsaye a garin Trondheim, Gunvor tana jera kofuna ta hango shi a bakin ƙofa. Ya sa rigar sanyi, jakarsa a hannu, yana leƙen dogon teburin da aka shirya musu.

“Ba a buɗe ba tukuna,” in ji ta, “amma kallo kyauta ne. Kai ne uban amarya?”

“Ni ne. Eilif. Tashar jirgin ƙasa tana da nisa daga nan?”

“Ba nisa. Da waɗannan dogayen ƙafafun naka, kafin shayi ya huce ka isa.” Ta ci gaba da goge kofi. “Da safe na gan ka a wajen karin kumallo. Burodi da man shanu, ka ture kifin gefe kamar ya zage ka.”

Kunnuwansa suka yi ja.

“Zauna mana, Eilif, kujerar ba ta cizo. In kana gida kai kaɗai, me kake ci?”

Ya ce ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Abin da aka saba tambayarsa shi ne me ya sa ba ya ci. Ya zauna a gefen kujera, jakar tana kan cinyarsa, ya fara lissafi yana kallon ƙasa: dafaffen dankalin turawa, burodi, man shanu, cuku mai ruwan ƙasa, dafaffen ƙwai mai tauri, ɗanyen karas, dunƙulen niƙaƙƙen nama ba miya, tuffa in an fere.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan. Kin ga abin kunya ko? Gardi kamata.”

“Na ga abinci kala shida har da ragowa. Ga yadda za a yi. Farantinka irin na kowa, lokacinka irin na kowa. In na faɗi sunan nasu abincin, zan faɗi sunan naka. Amma ka sani, ba zan yi maka ƙaryar ciwon ciki ba. In an tambaye ka, bakinka ne zai amsa.”

“Jawabin fa? In tashi in yabi kifin da ban ci ba?”

“Wa ya ce ka yabi kifi? Ka yabi abin da ka ci.”

Ta miƙa hannu. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ba ta jakar. Ta kai ta bayan kanta ta ajiye, ta ce sai bayan liyafa zai gan ta.

A kicin kuwa sai da aka yi 'yar ƙura. Arnfinn ya dafe kai. “Ke Gunvor, shekara nawa na yi ina koyon girki a Faransa, don in dafa ƙwai?”

“To ai sai mu gani ko sun koya maka. Kuma ka ji, kada ka yayyafa masa wannan ganyen naka. Kada miya ta kusanci farantin.”

“Ko ɗigo ɗaya don kwalliya?”

“Ɗiga a tumbinka.”

Ya yi ta gunaguni, amma shi da kansa ya zaɓi dankalin, ɗaya bayan ɗaya, kuma mun gan shi yana yanka karas da irin natsuwar da yake yanka ƙaguwa. Arnfinn baki gare shi, zuciyarsa kuwa fara ce.

Da yamma, rana na haske tas a kan ruwa, dangin biyu suka zauna. Ingvild ta zauna tana fuskantar ubanta, idonta yana kan ƙofa fiye da kan angonta, don ta san hali. Aka kawo kala na farko. Gunvor ta tsaya a bakin teburi ta ce ga ƙwan kifi a kan gasasshen burodi, sannan da murya iri ɗaya, ba ƙari ba ragi, ta ce ga Eilif kuma burodin safiyar yau da man shanu a gefe. Ya ɗauka ya ci. Kala na biyu, dafaffen ƙwai an raba shi biyu. Ya cinye. Ingvild ta daina kallon ƙofa ta koma kallon farantinsa.

A kala na uku aka kawo wa kowa kifi, aka ajiye masa dankali uku suna tururi. Wenche, mace mai ido, ta duba nata ta duba nasa.

“Eilif, kai ba ka cin kifi ne?”

Gunvor tana tsaye a bayansa da tulun ruwa, ba ta ce uffan ba, ba ta kuma matsa ba. Daga baya ta gaya mana cewa a lokacin gabanta faɗuwa yake, don ta san da kalma ɗaya za ta iya fitar da shi, kuma ta san in ta fitar da shi zai ci gaba da gudu har kabari.

Eilif ya ajiye wuƙa. “Ba na ci,” ya ce. “Ban taɓa ci ba. Ba ciwo ba ne, haka nake.”

Wenche ta ɗan dube shi, ta gyaɗa kai. “To ka huta da ƙaya. Miƙo mini gishirin nan.”

Shi ke nan. Abin da ya shekara sittin yana gudu ya zo ya wuce, hira ta ci gaba a kan inda za a ɗaura aure. Ya ci namansa, ya ci cukunsa, ya ci tuffarsa da aka fere aka jera ta a faranti mai bakin zinariya.

Da aka kwashe faranti na ƙarshe, ya ƙwanƙwasa kofinsa da wuƙa ya miƙe. Ya sa hannu a aljihu.

“Ni ba mai magana ba ne,” ya ce. “Tun ina yaro aka koya mini in na tashi daga teburi in ce an gode da abinci. Na faɗe ta a gidajen mutane da yawa, sannan in koma gida in ci burodi a tsaye. Yau ce rana ta farko da zan faɗe ta a cikin taro cikina a cike. Kifinku na ga yana da kyau, ku kuka san daɗinsa. Dankalin kuwa ni ne shaida. Wenche, na gode da kujerar nan. Ingvild,” sai ya dube ta, “ki yafe mini sauran kujerun da na bari ba kowa. An gode da abinci.”

Ingvild ta zagayo teburin ta rungume shi, tana kuka tana dariya. “Baba, ai da ka faɗa tun tuni. Dankali ne fa.” Mu da ke leƙe ta ƙofar kicin, kowa ya sami abin da ya faɗa masa a ido. Arnfinn ya ce albasa ce, alhali ranar ba a yanka albasa ba. Gunvor kuwa ta tafi ta ɗauko jakar ta ajiye a gefen kujerarsa, ta wuce teburi na gaba.

Eilif ya je bikin, ya zauna aka ci da shi. Yanzu kowace Lahadi yana cin abincin rana a gidan 'yarsa, tukunyar dankalinsa daban. Duk kaka, in jirginmu ya tsaya a tashar da ke kusa da tsibirinsa, za ka gan shi a bakin gaɓa da buhun dankalin gonarsa, ya kawo wa Gunvor. Ita kuma sai ta miƙa wa Arnfinn ta ce ga jarrabawarsa ta bana.

Gunvor, ke ce mai tambayar da ba ta kunyata kowa. Ke ce kika koya mana cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ko da tabarmar farin ƙyalle ce mai guga. Kin ɗauki faranti har wuyan hannunki ya fara ciwo, kin yi tafiya a kan daɓen da ke tangaɗi ba ki zubar da miya a kan kowa ba, ba ki kuma zubar da mutuncin kowa ba. Za mu yi kewarki, kuma ba ma jin kunyar faɗa.

Ku da za ku gaje ta, da ku masu karɓar baƙi a gidajenku, ku ɗauki wannan daga gare ta. In kun ga baƙo yana juya cokali, ku bar yi masa wa'azi, ku matso kusa ku tambaye shi abin da yake ci in yana gida. Sau da yawa ba abincin yake tsoro ba, idon mutane ne.

Makon jiya muka yi mata liyafar sallama a ɗakin da ta yi wa hidima, muka tilasta mata ta zauna a ba ta. Da aka gama, Arnfinn ya ƙwanƙwasa kofi. A ƙa'ida shi ya kamata a gode wa, tunda shi ya dafa. Sai ya cire doguwar hularsa, ya juya wajen matar da ba ta taɓa dafa ko ƙwai a jirgin nan ba, mu duka muka miƙe tare da shi.

An gode da abinci, Gunvor.