Tani da Gizon Rudun Albasa

Duk mai ajiye albasa a rudu, wato rumbun albasa, a Danchadi ya san Tani. Shekara tara ke nan tana tsince ruɓaɓɓiya daga mai kyau, hancinta ya fi idon kowa aiki. Kunama ba ta ɗaga mata hankali, da kara take kawar da ita. Amma gizo-gizo? Wayyo, ko ganinsa ba ta so. Tun tana ƙarama aka ce mata tautau ne, wani irin gizo, ya bi ta fuskar yayarta, fatar ta kumbura ta fashe, ido ɗaya ya tafi ke nan.

Wata Talata da hantsi ta kwance goyon ɗiyarta Bahijja, 'yar wata biyar, ta shimfiɗe ta a kan buhun da ta kakkaɓe har sau uku. Ko kwando ɗaya ba ta cika ba ta waiwayo, sai ga gizo. Ba irin mai saƙa a kusurwar ɗaki ba ne, wannan a ƙasa yake farauta da gudu. Ruwan ƙasa ne mai ratsi, ƙafafu duk gashi, manyan idanu biyu a gaba. Bayansa ya yi tudu kamar an barbaɗa masa gero. Taki ɗaya ya rage ya kai kunnen jaririyar.

Inna Zuwaira, tsohuwar da suke tsinta tare, ta ɗaga murya: "Ke Tani, tsaya! Kak ki buga!"

Ina! Silifa ya riga ya sauka.

Sai tudun nan ya watse. Ashe 'ya'ya ne, sun fi ɗari, suka bazu a buhu, a zani, a gashin Bahijja, har gefen idonta. Tani ta sure ta tana salati, tana hurewa, tana karkaɗewa. Tsoro kam ta ji irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Kwana uku tana buɗe idon yarinyar tana dubawa, abinci ya ƙi shiga bakinta. Ko ƙurji ɗaya bai fito ba. Ran na huɗu ta koma aiki, ta ƙi sauke goyo.

Inna Zuwaira ta dube ta ta ce, "Uwar gizon nan da kika buga, wucewa za ta yi hwa, ɗiyata. Ita ma goyonta taka ƙoƙarin kaiwa inuwa."