Ranar da Ungo Ya Ci Ƙwallo Bisa Kuskure

Kawuna mai gyaran fanka ne, amma ba wanda ke kiran sa da sana'arsa. Ungo ake ce masa, don shekara goma sha huɗu yana buga tsakiya a ƙungiyar 'yan layinmu, kuma ƙwallo ba ta taɓa yin daƙiƙa biyu a ƙafarsa ba. Tana zuwa zai ce "ungo!" ya tura wa na kusa. Ba ya gudu, ba ya yanka, sa kai kuwa ko a mafarki. Rigarsa kan dawo gida fes, har matarsa ta taɓa tambayar sa ko kallo yake zuwa yi.

Asirinsa wani mai walda ne, Dogo, ɗan wasan gaba. Kawu ba ya ko ɗaga kai. Ya san inda Dogo zai bi, sai ya zura masa ita ta tsakanin mutum biyu. Dogo ya ci, ana ta tsalle, Kawu yana tsakiyar fili yana gyara safa.

Sai gwiwar Dogo ta ƙi, likita ya ce ya haƙura da ƙwallo. Wata biyu Kawu yana zura fasin inda babu kowa sai ciyawa. 'Yan kallo suka fara ihu: "Ungo, aljanu kake ba?"

Kocinsu, wani direban bas, ya same shi a shago yana naɗa waya. "Malam Ungo, ko ka koyi bugawa raga, ko ka koyi zaman benci."

Ranar Asabar ƙwallo ta faɗo masa a bakin raga, gola yana kwance. Kawu ya tsaya yana waige-waigen wanda zai ba. Can ya hango wani tela da ke buga musu gefe yana tahowa da haki, ya tura masa. Ƙwallon ta bugi dugadugin mai tsaron baya, ta gangara raga.

Fili ya kaure da sowa. Aka cicciɓi Kawu sama yana wutsil-wutsil. "Ku sauke ni! Wallahi ba ni ba ne, fasin ne ya lalace!"

Tun daga ranar yake jan telan zuwa fili kowace yamma, yana nuna masa inda zai riƙa bi. Har yanzu in an ce wa telan dama, hagu yake yi, amma ya ci uku a bana, Kawu kuma ya rage zagin sa zuwa sau biyu a wasa.