Baƙon da Ya Koya wa Sabo Kiɗa

Sabo Makaɗi bai taɓa zuwa Kano ba. Nan unguwar New Bell aka haife shi, nesa da ƙasar Hausa, kuma kafin ya rataya kalangu, dako yake yi a tashar jiragen ruwa. Can wani ma'aikacin jirgi ɗan Brazil ya ba shi faifan garmaho tukuici. Ganguna ne a ciki, da busa irin ta masu jaz. Sabo ya yi ta sa faifan, ƙofa a rufe, har hannunsa ya ɗauka.

Ran da ya fara buga kiɗan a gidan biki, wata tsohuwa ta yi hawaye, ta ce rabonta da jin sa tun kakarta na da rai. Daga nan aka sa masa suna kiɗan kakanni. Sabo bai ce haka ne ba, bai kuma musa ba. Da wannan kiɗan ya ci da iyalinsa, ana kiransa biki har unguwar Nylon. Faifan kuwa matarsa Hapsatu ta naɗe shi a zane, ta tura ƙarƙashin gado, wai saboda laima.

Bara Alhaji Salmanu mai goro ya aurar da 'yarsa, dangin ango suka zo daga Kano, har da wani dattijo ɗan gidan makaɗa. Alhaji ya riga ya cika musu baki da kiɗan kakanni na Sabo. Sabo ya san in dattijon ya tona, ba mai sake kiransa. Ya zo wurina, ni amininsa, ranar Laraba, ya ce yana jin zazzaɓi zai kama shi ranar Asabar. Na ce Alhaji yana da mota, kuma ya san gidansa.

Ya je ya buga. Dattijon ya saurara, kai a sunkuye, yatsa ɗaya na motsi a gwiwarsa. Da aka gama ya ja Sabo gefe, ina kusa.

"Malam Sabo, wa ya koya maka?"

"Wani baƙo ne, Baba. Ya daɗe da tafiya."

Dattijon ya rage murya.

"Namu baƙon ta rediyo ya zo," in ji shi, "daga Kongo."

Sai ya koma cikin mutane, ya ce musu su riƙe Sabo da kyau, irin wannan kiɗan ko a Kano babu shi. Gaskiya kuwa ya faɗa.

Faifan yana nan ƙarƙashin gado. Hapsatu ta ƙara masa zane.