Ubale Malamin Dabbobi da Gwajin Ƙwaya

Ubale ɗan makiyaya ne, a wata ruga bayan Tudun Wada aka haife shi. Shi kaɗai ya yi boko a gidansu, har ya zama malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Shekara goma sha shida yana yawo a babur, daga Kwanar Dangora har gindin duwatsun Riruwai, yana yi wa shanu allurar rigakafi.

Wata damina babur ya kayar da shi a bakin rafi, bayansa ya bugu. Wani mai kemis ya ba shi tiramol. Ciwo ya warke, amma ƙwaya ba ta sake shi ba. Daga ɗaya a rana ya koma huɗu. Ba wanda ya sani sai matarsa Asibi, ita ma don ta ga hannunsa ya fara rawa in zai zuƙi magani a sirinji.

Ana nan sai takarda ta zo ofis, cewa nan da wata uku za a gwada kowane ma'aikaci, wanda aka samu da ƙwaya a jiki ya ajiye aiki. Masu sha suka shiga neman dabara. Wani ya ce a yi ta shan tsamiya, wani ya ce a zo da fitsarin ƙane a kwalba.

Ubale ya kwana biyu yana juya abin a ransa. Rana ta uku ya shiga wurin shugabarsu, Hajiya Baturiya, ya zube sauran ƙwayoyinsa a teburinta.

"Ranki ya daɗe, ina sha. Shekara uku ke nan. Na fi so ki ji daga bakina."

Ta dube shi ta ce, "Bari kake so ka yi, ko tsoron gwaji ne?"

"Duka biyun."

Ta ba shi hutunsa na shekara, ta haɗa shi da wani likita a Kano. Likita ya tsara masa yadda zai riƙa ragewa, shi kuma ya ɗauki Asibi suka koma ruga wurin mahaifiyarsa, inda ba kemis ko ɗaya. Makon farko ya sha wuya: gumi, amai, ƙasusuwa kamar ana sara. Sau biyu yana ɗaukar takalmi zai nufi gari, Asibi ta zauna a ƙofar bukka ta ƙi matsawa. Da ya fara jin ƙarfi sai ya riƙa bin yayyensa kiwo, ya dawo a gajiye, ya sha fura ya yi barci.

Ranar gwaji shi ne na farko a layi. Bayan azahar Hajiya Baturiya ta kira shi, ta miƙo masa takarda.

"Malam Ubale, babu komai. Jikinka fes."

Ya karanta da kansa har sau biyu, hannunsa ko motsi. Ya fito ya yi sujada a barandar ofis, jama'a na kallo, bai damu ba.

Bai ɓoye labarinsa ba. Yanzu in ya gama allura a mashayar shanu, yakan zaunar da samarin makiyaya ya gaya musu abin da ya same shi, ba ragi. Bara kaɗai mutum bakwai ya kai wurin likitan nan a bayan babur ɗinsa, biyar daga cikinsu sun bari.