Baturen Gonar Dawa

Mijina bai iya ganin abu ya kau da kai ba. Shekarar da Baturen daji ya zo ya ja iyaka, ya ce rabin gonakin Kutemeshi sun zama gandun gwamnati, kowa ya haɗiye maganarsa ya koma gida. Shi kuwa sai ya shiga neman sanduna.

Mutum-mutumi ya kafa a gonar dawarmu ta bakin hanya, wai na korar tsuntsaye. Sandar kafaɗa a jikinsa ya gwada ta. Ya kife masa ƙwarya a ka, ya shafe ta da farar ƙasa ta koma hular Bature, ya soka totuwar masara a gurbin hanci, ya ɗaga masa hannu guda yana nuna daji, kamar mai cewa can ma nawa ne. Da aka rasa tufa, ya datse tsohon wandonsa a gwiwa, ya zura masa taguwarsa.

Ranar kasuwa masu wucewa suka riƙa tuɓe takalma suna durƙusawa: "Zaki, a bar mana kuka ɗaya mu yi miya." Har Fulani masu tallan nono sai sun tsaya sun kwashi gaisuwa. Na yi dariya har da hawaye, amma a gida na ce, "Malam, ka sauke abin nan."

Ya ce, "Sai an girbe. Yau ne fa Bature ya fara aikin da ya amfani wani."

Zance ya kai kunnen dagaci. Da aka zo ɗibar mutane aikin tilas a ramukan kuza na Jos, mijina aka fara nunawa.

Abokan tafiyarsa suka dawo a rame, suna tari. Suka ce sanyin dutse ya kama masa ƙirji, can aka binne shi. Ban ga gawa ba, ban ga kabari ba.

Da na fita takaba, wansa ya ce in je in tumɓuke abin da ya jawo mana wannan, a ƙone. Na tafi da hantsi, cike da haushi. Na fizge ƙwaryar na jefar, hancin ya faɗi. Sai ga mijina tsaye, da tsawonsa, da faɗin kafaɗarsa, da facin da na yi wa taguwar da hannuna. Tsoro ya kama ni, kewarsa kuma ta fi tsoron.

Na sunkuya na ɗauki ƙwaryar, na kaɗe ta, na mayar masa a ka.